Bayan Mota Ya Zauna, Taya Tana Gogar Jiki: Yadda Za A Gano Dalili

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin kasuwanninmu na ƙauye sukan cika da motoci waɗanda hancinsu yana duban sama, bayansu kuwa kamar zai taɓa ƙasa. In irin wannan mota ta faɗa rami sai a ji wata ƙara daga baya, wani lokaci har da warin roba mai ƙuna. Taya ce take gogar ƙarfen jikin mota. Direbobi da yawa sun saba da ƙarar har ba su kula da ita. Waɗansu kuwa da sun ji ta sai su nufi kasuwar kayan mota, su sayo sabuwar shokazoba, a ɗaura, a biya makanike. Washegari ƙara tana nan inda take.

Abin da muke so masu karatu su riƙe shi ne, gogar taya alama ce kurum, kamar yadda zazzaɓi yake alamar cututtuka iri iri. Abubuwa da dama ne suke kawo ta. Da tef na awo, da alli, da jak, mai mota zai iya rarrabe su kafin ya kashe ko kwabo. Hanyar binciken ɗaya ce, ko akori-kurar ƙungiyar manoma ce, ko motar da take kai marasa lafiya asibiti, ko Golf ta haya, ko kuwa ƙaramar motar tsere irin wadda samarin birni suke sha'awa.

ABIN DA YAKE RIƘE DA MOTA

Jikin mota ba a kan tayoyi yake zaune kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai abubuwa huɗu, kowanne da aikinsa.

Na fari shi ne sifirin. Shi ne yake ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma yake tsai da tsayinta daga ƙasa. Iri uku aka fi sani. Akwai mai falle-falle, watau dogayen ƙarafa da aka jera ɗaya bisa ɗaya, irin na bayan Toyota Hilux da manyan motoci. Akwai naɗaɗɗe, mai kama da gammo da aka ja tsaye, irin na bayan Golf da yawancin ƙananan motoci. Akwai kuma sandar murɗi, watau sandar ƙarfe da take murɗewa in nauyi ya hau ta, ta warware in ya sauka, irin ta tsohuwar Volkswagen da muke kira kunkuru.

Na biyu ita ce shokazoba. Aikinta shi ne ta hana mota ci gaba da lilo bayan ta wuce rami. A yawancin motoci ba ita take ɗauke da nauyi ba. Saboda haka in bayan mota ya zauna tana tsaye wuri ɗaya, canza shokazoba ba zai ɗaga shi ba. Waɗansu motoci kaɗan ne suka fita daga wannan ƙa'ida, watau masu ɗaga bayansu da iska ko da mai, kamar tsofaffin Citroën da waɗansu dogayen Mercedes.

Na uku su ne bushi, watau robobin da suke cikin mahaɗan ƙarafa. Su ne suke riƙe aksul da hannuwan taya a daidai wurinsu, kada su matsa gaba, ko baya, ko gefe.

Na huɗu wata ƙaramar roba ce mai kauri da aka maƙala sama da aksul, ko a kan sandar shokazoba. Za mu kira ta robar tsaro. In sifirin ya matse har iyaka, ita take tare aksul kafin taya ta kai ga rumfarta, watau ƙarfen jikin mota da ya lulluɓe taya.

Peugeot 504 ta isa misali na yadda masu ƙira suke daidaita sifirin da aikin mota. An fito da ita a Faransa a 1968. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta yi ta haɗa ta har 2006. Doguwar, mai ɗaukar fasinja da kaya, naɗaɗɗun sifirin huɗu aka sa mata a baya, biyu kowane gefe. Akori-kurar kuwa mai falle-falle aka sa mata. Suna ɗaya ne, amma sifirin wannan ba ya yin aikin waccan. Wanda ya je sayen sifirin ya ce "na 504" kawai bai gama bayani ba.

DON ME ABIN YAKE DA HATSARI

Tafin taya, inda take taka ƙasa, yana da kauri da wayoyin ƙarfe a ciki. Gefenta kuwa siriri ne, zare ne da roba kaɗan. In bakin rumfa yana yankar gefen taya, sannu a hankali zai kai ga zaren. Ranar da ta fashe, galibi ranar da mota take cike da kaya ne, tana gudu, rana ta take. Tayar baya in ta fashe, bayan mota yakan juya, kuma ba kowane direba yake iya riƙe ta ba.

Har wa yau, in baya ya zauna gaba yakan yi sauƙi. Tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai, sitiyari ya riƙa yawo. Fitilu su haska sama, su kashe wa mai tahowa ido. Taya kuma tana iya cin robar da take kai man birki, ko wuyan tankin fetur.

Akwai wani abu kuma da mutane kaɗan suka sani. Akori-kura da yawa da tsofaffin ƙananan motoci suna da wata na'ura a baya wadda take ƙara wa birkin baya ƙarfi in mota ta ɗauki kaya. Yadda take sanin akwai kaya shi ne ta wurin saukar bayan mota. In sifirin ya gaji, baya ya zauna, na'urar za ta ɗauka kullum akwai kaya. Sai a taka birki mota ba kome a ciki, tayoyin baya su kafe, mota ta zame, balle a kan laka ko tsakuwa.

MATAKI NA FARI: A AUNA

A sauke kome da kome daga cikin mota, har da duwatsu da tsofaffin ƙarafa da suka daɗe a but. A tsai da ita a wuri mai daidai, daɓen siminti ya fi. A sa wa tayoyi iska yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki. A danna gaba da baya sau biyu ko uku, a saki, domin mota ta zauna yadda ta saba.

Sa'an nan a ɗauki tef a auna daga tsakiyar rim zuwa bakin rumfar taya, a miƙe sama. A yi haka a tayoyi huɗu duka, a rubuta. Muna aunawa daga tsakiyar rim ne, ba daga ƙasa ba, gama awon ƙasa yakan canza in taya ɗaya ta fi wata iska ko ta fi wata cinyewa.

Ga yadda za a karanta awon. In hagu da dama sun bambanta da abin da ya wuce santimita 1 da rabi, watau sama da rabin inci, akwai abin dubawa a gefen da ya sauka. In baya duka biyu sun yi daidai da juna amma ana zaton sun sauka, a nemi wata mota irinta sak, mai lafiya, a auna ta a gwada. In akwai littafin motar, ya fi kyau.

Wani lokaci laifin yana gaba amma a baya ake ganinsa, kamar kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da take karkata duka. Ga yadda za a rarrabe. A sa jak a daidai tsakiyar ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin gaban mota, a ɗaga har tayoyin gaba su bar ƙasa, a sake auna baya. In baya ya daidaita, laifin na gaba ne. In yana nan a karkace, na baya ne.

Daga nan a ɗora kayan da aka saba ɗauka, a sake aunawa. Mota wadda awonta daidai ne ba kaya, amma da kaya sai ta zauna a kan robar tsaro, abu biyu ne: ko sifirin ya yi laushi, ko kuwa kayan sun fi ƙarfinta. Za mu komo kan wannan.

MATAKI NA BIYU: A KARANTA TABO

Taya ba ta gogar ƙarfe ta tafi ba ta bar shaida ba. A cire tayar, a duba cikin rumfa da tocila. Inda take goga zai yi sheƙi, ko fenti ya goge, ko a ga baƙin roba ya manne. In ba a gani sosai ba, a shafa alli a gefen taya ciki da waje, da bakin rumfa, a mai da taya, a bi hanya mai gargada kamar kilomita ɗaya, a dawo a duba inda alli ya goge. Wurin tabon shi ne yake nuna inda za a nemi laifi.

1. Tabo a can saman rumfa, a kan tafin taya kuma. Taya tana hawa sama fiye da kima. A tuhumi sifirin, ko yawan kaya, ko robar tsaro da ta faɗi, ko taya da ta yi tsayi da yawa.

2. Yanka ko karce a gefen taya na waje, daidai bakin rumfa. Taya ta fito waje da yawa. In gefe biyu ne, taya ko rim ba na motar ba ne. In gefe ɗaya ne, aksul ya matsa gefe, ko an taɓa bugun jikin motar ba a miƙe shi daidai ba.

3. Tabo a gefen taya na ciki, inda take taɓa sifirin, ko shokazoba, ko salansa. A tuhumi rim da ya shige ciki, ko hannun taya da ya lanƙwashe, ko boris da ya mutu. A duba kuma ko salansar ce ta sauko daga maratayinta.

4. Tabo a gaban rumfa ko a bayanta. Aksul ya matsa gaba ko baya.

5. Ƙara da take zuwa sau ɗaya a kowane juyin taya, tana ƙara sauri da gudun mota. Rim ya lanƙwashe, ko taya ta yi ƙulu. A ɗaga tayar a juya ta da hannu, a kafa sanda kusa da ita, za a ga inda take kusantowa da inda take nisa.

Lokacin da ƙarar take zuwa ma yana da amfani. In sai an faɗa rami, maganar hawa sama ce. In sai an sha kwana, maganar matsawa gefe ce, watau bushi ko boris. In sai an taka birki ko an ba da wuta, aksul ne yake motsi gaba da baya.

MATAKI NA UKU: A DUBA TAYA DA RIM

Kafin a kwance kome a ƙarƙashin mota, a karanta rubutun da yake gefen taya. Sau da yawa laifin a nan yake, musamman in ƙarar ta soma ne bayan an canza taya.

A ce an rubuta 185/65 R14. Lamba ta fari faɗin taya ce, milimita 185. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, watau wajen milimita 120. Ta uku girman rim ne, inci 14. Tsayin wannan taya duka wajen milimita 596 ne. To, a ce an je wurin mai sayar da taya, babu irinta, ya ce ga 195/70 R14, ai duk sha huɗu ne. Gaskiya za ta shiga rim ɗin. Amma tsayinta wajen milimita 629 ne. Ta fi waccan da milimita 33, watau samanta ya matso kusa da rumfa da fiye da santimita 1 da rabi, ta kuma ƙara faɗi rabin santimita kowane gefe. A motar da sifirin ɗinta ya riga ya soma gajiya, wannan kaɗai ya isa ya kawo goga.

Rim ma yana da lambarsa. A bayansa ana iya ganin haruffa ET da lamba, kamar ET45. Wannan yana nuna yadda rim yake zama, ciki ko waje. In lambar ta ragu, taya takan fito waje. Wanda ya cire ET45 ya sa ET30 mai faɗi ɗaya ya turo tayarsa waje da milimita 15. Dacewar ramukan noti ba ta nuna cewa rim na motar ne.

Tun da ana wurin, a duba lambobi biyu kuma. Bayan girman taya akwai lamba da harafi, kamar 86T. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 82 kilo 475 ne, 86 kilo 530, 91 kuwa kilo 615. Akwai kuma lambobi huɗu cikin ɗan zobe, bayan haruffan DOT. Tun daga shekarar 2000 su ne suke nuna mako da shekarar da aka yi taya. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya da gefenta ya tsattsage ba ta jure goga ko kaɗan.

MATAKI NA HUƊU: A SHIGA ƘARƘASHI

A nan sai mu ja kunne. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai yake riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka, ko da gungumen katako mai kauri. Bulon siminti yakan fashe ba zato. A sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba.

Sifirin mai falle-falle. A wanke laka, a bi kowane falle da ido daga wannan kai zuwa wancan. Karaya takan ɓuya kusa da tsakiya, inda aksul ya danne. Layin jan tsatsa da ya gitta falle alama ce ta tsagewa. Lafiyayyen sifirin yana da lanƙwasa kamar baka in ba kaya. In ya miƙe sambal, ko ya juya ta ɗaya gefen, ya gaji. A tsakiya akwai kusa ɗaya da ta huda fallayen duka, ita take tsai da aksul a wurinsa. In notocin da suka ɗaure aksul da sifirin suka saki, wannan kusa takan karye, aksul ya zame baya a gefe ɗaya. Irin wannan mota in ana bin ta a baya za a ga tana tafiya a karkace kamar kaguwa. A tabbatar da tef: a miƙe sitiyari, a auna daga tsakiyar rim na gaba zuwa na baya, hagu da dama. Ya kamata su zo ɗaya.

Naɗaɗɗen sifirin. Yakan karye a zoben ƙarshe, sama ko ƙasa, inda laka da ruwa suke kwanciya, kuma guntun yakan zauna a mazauninsa har ba a lura ba. A shafa da hannu. Kan da aka yi a masana'anta sumul yake, wanda ya karye kuwa yana da kaifi. A duba ko zobba suna da sheƙi inda suke bugun juna. A duba robar da sifirin yake zaune a kai, da ƙarfen mazaunin, ko tsatsa ta cinye shi. Motocin da ake kawowa na hannu daga ƙasashen sanyi sun fi wannan ciwo, gama can ana zuba gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe.

In ana shakka ko sifirin ne ko jikin mota, akwai gwajin da ba ya cin kuɗin kaya. Makanike ya musanya na hagu da na dama, a sake aunawa. In karkatar ta bi sifirin ta koma ɗaya gefen, shi ne mai laifi. In ta tsaya inda take, mazauni ne ko shasi ya lanƙwashe, kuma sabon sifirin ba zai warkar da ita ba. Naɗaɗɗen sifirin da yake a matse yana iya kashe mutum in ya kuɓuce, saboda haka wannan aiki na mai kayan matse shi ne.

Bushi da boris. A sa ƙarfen cire taya kusa da kowane mahaɗi a ɗan banƙara. Roba mai lafiya takan ba da kaɗan ta komo. In ƙarfe yana motsi sakaka, ko roba ta tsage ta fito, ta mutu. Sa'an nan a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, boris ne ko mahaɗi.

Robar tsaro. Tana nan kuwa? Sau da yawa ta ruɓe ta faɗi tun tuni. In tana nan amma inda take bugawa ya yi sheƙi, mota tana zama a kanta kullum.

Shokazoba. A duba ko mai yana tsiyaya a jikinta. A sauke mota, a danna kusurwar da ƙarfi a saki. In ta tashi ta tsaya, da sauran rai. In ta yi ta lilo, ta mutu. Matacciyar shokazoba takan bar taya ta kai sama a cikin rami, saboda haka tana iya kawo goga a hanya mai gargada. Amma in awon mataki na fari ya nuna baya ya sauka, sifirin ne za a fara nema.

MOTAR TSERE DA MOTOCI MASU GAJEREN TSAYI

Motar tsere, watau ƙaramar mota da aka ƙera domin gudu da shan kwana, ita ta fi saurin nuna wannan ciwo. An yi ta kusa da ƙasa, tayoyinta masu faɗi ne, tsakanin taya da rumfa kuwa wani lokaci bai wuce yatsa biyu ko uku ba. Saukar santimita 2 da akori-kura ba za ta ji ba, a wurinta ta isa ta kawo goga.

Yawancin irin waɗannan motoci kowace tayar baya da hannuwanta take, babu aksul guda da ya haɗa su. In baya ya sauka, kawunan tayoyi sukan karkata ciki kamar mai gwame, gefen tafin na ciki ya riƙa cinyewa da sauri. Wanda ya ga haka a tayarsa ya auna tsayi kafin ya kai a daidaita tayoyi, gama in an daidaita su a kan gajiyayyen sifirin, ranar da aka canza shi sai an sake.

Sanin irin sifirin yana rage asara. Porsche 911, daga 1964 har 1989, sandar murɗi take da ita a baya kamar kunkuru. Kan sandar yana da haƙora, kuma gwanin makanike yana iya zare ta ya mai da ita a wani haƙorin, tsayin mota ya komo, muddin sandar ba ta tsage ba. Chevrolet Corvette ta Amurka kuwa tun 1963 sifirin mai falle aka gitta mata a baya daga hagu zuwa dama, daga 1981 aka soma yin sa da zaren gilashi maimakon ƙarfe, aka ci gaba da wannan tsari har 2019. A yawancinsu dogayen kusoshi da robobi ne suke rataye da kawunan sifirin, kuma robobin nan in sun lotse baya yakan sauka ko da sifirin lafiya lau yake. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, naɗaɗɗen sifirin ne kewaye da shokazoba a kowace taya. Tazarar hawa da saukar bayanta gajeriya ce, saboda haka robar tsaro a wurinta ba abin wasa ba ce.

Mai sayen irin wannan mota ta hannu ya tambayi abu ɗaya: an taɓa rage mata tsayi? Masu su na farko sukan sa gajeren sifirin da rim mai faɗi domin ado. A kan titin Turai mai santsi ba laifi. A kan hanyoyinmu sai an mai da ita yadda masu ƙira suka yi ta.

MAGANAR KAYA

In an bi matakan nan duka ba a sami kome ba, to, mota lafiya take, kaya ne suka fi ƙarfinta. Yawancin ƙananan motoci abin da aka yi su su ɗauka bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, har da mutanen da suke ciki. Mutum biyar masu kilo 70 sun riga sun cinye kilo 350. Abin da ya rage buhun masara ɗaya ne mai kilo 100, ko buhun taki biyu. A motocin Turai akwai ɗan faranti a jikin ƙofa ko kusa da inji mai lambobin nauyi. Wadda aka sa wa 2 a gabanta ita ce iyakar abin da tayoyin baya za su ɗauka.

Inda aka ajiye kaya ma yana da muhimmanci. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2 da rabi ne, aka ajiye buhu mai kilo 100 rabin mita bayan tayar baya. Tayoyin baya za su ji kilo 120, na gaba kuwa su rasa kilo 20. In buhun yana lilo a bakin but a buɗe, abin ya fi haka. Saboda haka kaya masu nauyi a matso da su gaba, kusa da bayan kujera ko kan akori, marasa nauyi su bi baya. Sawu biyu da rabin kaya ya fi sawu ɗaya da karyayyen sifirin a tsakiyar daji.

MAGUNGUNAN DA BA SU MAGANI

Akwai dabarun da ake yi a bakin hanya waɗanda suke kashe ƙara su bar cuta. Buge bakin rumfa da guduma, ko yanke shi, yana ba taya wuri, amma sifirin yana nan a gajiye. Cusa katako ko guntun tsohuwar taya tsakanin zobban sifirin yana ɗaga mota, amma sauran zobban su ne za su ɗauki aikin duka, su karye da wuri. Gasa sifirin da wuta ko yi masa walda yana kashe ƙarfin ƙarfen, gama a masana'anta aka gasa shi aka sanyaya bisa ga ma'auni, kuma inda aka yi waldar nan ne zai sake karyewa. Ƙara fallaye barkatai yana hana baya zama, amma bai ƙara wa aksul, da boris, da birki, da taya ƙarfi ba. Cika wa taya iska fiye da ƙa'ida kuwa neman fashewa ne.

Gyara na gaskiya shi ne a canza abin da awo ya nuna. Sifirin da shokazoba biyu-biyu ake canza su, hagu da dama tare, in ba haka ba mota za ta karkata ta ɗaya gefen. Kusoshin bushi na roba kada a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka a kan tayoyinta, gama in an ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Notocin da suka ɗaure aksul da sifirin mai falle a sake matse su bayan 'yan kwanaki ana aiki. Tayar da gefenta ya yanku har zare ya bayyana, ko ta yi ƙulu, ba ta facuwa. A cire ta.

Shawararmu ta ƙarshe ga ƙungiyoyi da duk mai mota ita ce, a auna tayoyi huɗun nan yau, tun mota tana lafiya, a rubuta a bayan littafin da ake rubuta kuɗin mai. A sake aunawa kafin kaka, a kuma sake bayan an gama kwashe amfanin gona. Aikin minti goma ne. Ranar da lamba ta soma raguwa za a sani tun taya ba ta kai ga ƙarfe ba, a je wurin makanike da awo a hannu, a gaya masa gefen da ya sauka da yawan abin da ya sauka. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya.